Labaran "Da A Ce": Mu Fara Daga Lugu

Kwanakin baya ɗiyar ƙanwata, ɗalibar jami'a a nan Yamai, ta same ni a gida bayan la'asar. Ta zauna bakin tabarma, ta ciro wayarta ta ce, "Kawu, ga abin da nake rubutawa, ka saurara." Labarin wata ƙasa ce da ba a taɓa yi ba, a gaɓar kogin Isa, wadda Nasara suka mallaka amma gwamnarta mace ce mai adalci. Ranar da ta sauka daga jirgin ruwa ta kafa doka: mace da namiji ɗaya suke a makaranta, a kotu, a kasuwa. Yarinyar ta iya rubutu. Har shayin da ke gabana ya huce ban sani ba. Da ta gama na tambaye ta, "Ɗiyata, wa ya ba matan garin nan naki ƴanci?" Ta ce gwamna. Na ce to, nan ne muka rabu.

Irin wannan rubutu na "da a ce" yana tashe a duniya. A 2016 Ba'amurkiya Nisi Shawl ta fitar da Everfair, inda ta ƙago wata ƙasa a Kwango wadda aka saya daga hannun Sarki Leopold na Beljiyam don ta zama mafakar waɗanda aka zalunta. Kafin ita, a 2006, Abdourahman Waberi na Jibuti ya kife duniya, ya mai da Afirka mai arziki, Turawa kuma ƴan gudun hijira. Tun 1905 ma wata Musulma ƴar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta mafarkin ƙasar da mata ke mulki. Sai fim ɗin Black Panther ya zo a 2018, yaranmu suka ga mata mayaƙa a Wakanda, suka ɗauki alƙalami.

Ina goyon bayansu da zuciya ɗaya. Masu cewa "da a ce" ɓata lokaci ne sun manta cewa littafin da ya fi kowane tasiri a ƙasar nan ɗan'uwan wannan salo ne. Ina nufin littafin Sarauniya Mangu. Rahotannin sojan Faransa ba su ce wani abin kirki ba game da ita. Abin da aka sani shi ne, a watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu a ƙasar Arewa, mutanen Sarauniya suka tsaya suka yi yaƙi, daga baya suka ja cikin daji. Abdoulaye Mamani ya ɗauki wannan ɗan zare, ya haɗa da abin da ya ji a bakin tsofaffi, ya saƙa littafinsa na 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau ko yaron firamare ya san sunanta. Ƙirƙira ce ta ɗauko ta daga ƙauye ta kai ta kowane gida.

Abin da ke damuna shi ne inda matasanmu ke ɗora tubalin farko. Ko dai su kawo Banasara mai tausayi ya raba wa mata ƴanci kamar zakka, ko su ba mace takobi da doki su ce an gama. Na farkon ya juya tarihi baibai. Kafin zuwan Faransa akwai mata masu riƙe da sarauta a ƙasashen nan: Inna a Gobir, Iya a Maraɗi, Magajiya a garuruwa da dama, Magira a Barno. Inna tana da fadarta, tana da mutanenta, ita ke shugabantar bori, kuma maganarta tana da nauyi a gaban sarki. A Sakkwato Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ɗinta, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata. Amma da kwamandan Faransa ya zo, da maza ya zauna. Sarki ya nema, da mai gari, da tafinta, da ɗan sanda, ya rubuta sunan maigida a takardar haraji. Makarantar horar da malamai maza ta Afirka ta Yamma, wadda daga baya aka sa wa sunan William Ponty, ta samo asali tun 1903. Ta mata a Rufisque sai 1938 aka buɗe ta. Shekara 35 ke nan tsakani, kuma ita kanta Faransa sai 1944 ta ba matanta ƙuri'a. Wanda bai da abu a gidansa, ta yaya zai kai wa maƙwabci?

To ga mararraba ta gaske ga mai son "da a ce". A ce kwamandan ya ga dole sai ya zauna da Inna kafin ya karɓi haraji a Tsibirin Gobir. A ce lokacin da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, makarantar farko da aka gina a Filato rabinta ƴan mata ne, kuma jajis ne suka ce sai an koyar da ajami tare da boko. Wace ce za ta zama tafinta? Me mijinta zai ce in ta dawo gida da albashi? Wa zai je rijiya da asuba? A nan labari yake, a tsakar gida da bakin murhu da zauren alƙali. Daidaito a littafi sai an gan shi a rabon gona da kuɗin cefane, in ba haka ba ado ne kawai.

Kuma kada a yi mana ƙarya cewa da can aljanna ce. Sarautar Inna ba ta hana a sayar da kuyanga a kasuwa ba. Wannan ciwo bai ma warke da wuri ba: a nan Yamai, a watan Oktoban 2008, kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 ta zama wahaya, wato kuyanga. Marubucin da ya ƙago ƙasar adalci ya bar baiwa a waje, ya yi wa ƴaƴan sarauta kaɗai adalci. Ina son in karanta labarin da Inna da kuyangarta za su yi ido da ido, kowace da abin da take so, kowace da abin da za ta rasa.

Na kuma tuna wa ɗiyata abin da uwarta ta gani da idonta. Ranar 13 ga Mayun 1991 matan Yamai suka cika titi, don an kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa da mace ɗaya tak a ciki. Sun fito, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Dokar kason mata ta shekarar 2000 daga irin wannan tsayuwa ta fito. Babu gwamnar da ta sauko daga jirgi ta miƙa musu.

Ta yi shiru, sannan ta ce za ta kashe gwamnar a babi na biyu ta bar matan kasuwa da garin. Na ce ta yi, amma ta fara zuwa Lugu tukuna. Yana nan a yankin Dogon Dutsi, kuma har zamaninmu ana naɗa Sarauniya a can.

Ku marubutanmu matasa, maza da mata, ku ci gaba da ƙago ƙasashenku, muna jiran mu karanta. Amma kafin ku buɗe waya, ku zauna gaban kakanninku mata ku tambaye su wace ce Magajiyar garinsu, kuma me take yi.