Sharhi a kan Sunayen Hanyoyin Hawaye a Hausa: Misali daga Bibemi

1.0 Gabatarwa

Bibemi gari ne a gabas da Garwa, cikin Jihar Arewa ta Kamaru. Ma'aikacin lafiya a nan da Faransanci ya yi karatu, Fulatanci ne harshen da ya fi yawo a kasuwa, sannan akwai Hausawa 'yan kasuwa da iyalansu waɗanda da Hausa ake yi musu bayani. Ke nan kalmar likitanci kan ratsa harshe biyu ko uku kafin ta isa kunnen majinyaci. Wannan takarda za ta duba sunaye uku da fassarar kalma da kalma ke haifarwa idan ana maganar hawaye, wato "kaluluwar hawaye" da "bututun hawaye" da "jakar hawaye". Za a nuna cewa dukkansu sun ɓoye abu guda da ya kamata majinyaci ya gane: inda hawaye ke fitowa daban, inda suke tafiya daban.

2.0 Yadda Hawaye ke Tafiya

Ana samar da ruwan hawaye a wata 'yar tsoka da ke saman ido ta gefen kunne, a ƙarƙashin ƙashin gira. Daga nan ruwan ke tsattsafowa ta ƙananan hanyoyi zuwa bayan fatar ido ta sama, ƙiftawa kuma ta shimfiɗa shi a kan ƙwayar ido. A bakin fatar ido akwai wasu ƙananan sassa masu fitar da maiƙo, waɗanda Bajamushe Heinrich Meibom ya bayyana a 1666; maiƙon ne ke hana ruwan saurin bushewa. A 1922 kuma Alexander Fleming ya ba da rahoton wani sinadari a cikin hawaye mai kashe wasu ƙwayoyin cuta.

Mafitar tana ɗaya gefen, wajen hanci. Kowane ido yana da kafofi biyu ƙanana, ɗaya a fatar sama, ɗaya a ta ƙasa. Kowace kafa tana shiga wata siririyar hanya mai tsawon kimanin milimita 10, su biyun su zuba cikin wani ɗan zurfi a gefen ƙashin hanci, daga nan wata hanya ta gangara ta buɗe a cikin hanci. Bahaushe ya san alamun wannan tun kafin asibiti: mai kuka yakan yi majina, mai kwalli yakan ga baƙi idan ya fyace, wanda aka ɗiga wa maganin ido yakan ji ɗaci a maƙogwaro.

3.0 Abin da Hausa ta Riga ta Tanada

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Akwai "hawaye" masu gangarowa, da "ƙwalla" da ke cika ido kafin ta zubo, da "kwantsa" da ke taruwa a gefen ido. Tun daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aikin masu ƙamus shi ne tattara irin waɗannan kalmomi da ake ji a bakin jama'a. Amma dukkansu sunayen abin da ake gani ne a waje. Sassan ciki sai an ƙirƙira musu suna, kuma a wajen ƙirƙirar ne ake yin kuskure. Alal misali, mai fassara ba zai ce "ruwan ido" yana nufin hawaye ba, domin Bahaushe ya riga ya ba wa mai kasa zaɓe wannan suna.

4.0 Sunaye Uku da Illarsu

4.1 Kaluluwar hawaye. A wajen Bahaushe kaluluwa kumburi ce mai zafi da ke fitowa a matsematsi ko hammata idan an ji ciwo. Wato alamar cuta ce. Wanda aka ce masa yana da kaluluwa a saman ido, maganin da zai sace ta zai nema. Ana iya cewa ma'ana takan faɗaɗa, domin kalmar Larabci "gudda" ma tana ɗauke da ma'anar ƙullutu, ga shi likitocin Larabawa suna amfani da ita. Wannan gaskiya ne, sai dai shekaru masu yawa na koyarwa ne suka zaunar da ita. Majinyacin Bibemi da ma'anar gida zai ji maganar.

4.2 Bututun hawaye. Bututu abin ɗura ruwa ne ko kawo shi, kuma sunan bai nuna inda ruwan ya nufa ba. Tun da yake a kusa da hanci ƙwalla ke taruwa, mai sauraro zai ɗauka ta nan hawaye ke fitowa, alhali ta nan suke barin ido.

4.3 Jakar hawaye. Jaka wurin ajiya ce, ana zuba abu a ɗebo shi daga baya. Sunan yana sa a zaci akwai hawaye a ajiye da ake kwancewa lokacin kuka. Wurin kuwa mashiga ce kawai ta ruwan da ya gama aikinsa.

5.0 Muhimmancin Bambancin

Idan mutum ya ce idonsa na zubar da hawaye, ɗayan biyu ne. Ko dai ana samar da ruwan fiye da kima, kamar yadda ƙurar hunturu ke jawowa, ko gashin ido da amosanin ido ya lanƙwasa ciki yana gogar ƙwayar ido. Ko kuma mafitar ce ta toshe. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

A ɗauki misalin jariri. Wasu jarirai ana haifarsu ƙarshen hanyar da ke shiga hanci bai gama buɗewa ba, sai ido ya riƙa ƙwalla da kwantsa. Kimanin 9 cikin 10 kan buɗe da kansu kafin shekara guda, kuma akan koya wa uwa ta riƙa danna gefen hanci a hankali tana gangarawa ƙasa. Idan aka ce mata, "Mama, bututun hawayensa ya toshe," tana da hujjar tambaya: to ina waɗannan hawayen suke fitowa? Uwar da ba ta gamsu ba tana iya barin tausar ta koma ɗiga nono ko wani haɗi a idon. Idan kuwa aka ce mata magudanar ce ta toshe shi ya sa ruwa ke ambaliya, ta san haka a tsakar gidanta kowace damina. Wannan fahimta kuma ita ke ba ma'aikaci damar ƙara gargaɗi: idan fatar ido ta kumbura da mugunya a kwanakin farko, ko yaro yana gudun haske, ko baƙin idonsa ya yi girma ko hazo, a kai shi asibiti nan take.

6.0 Shawara

Ya kamata a gina sunayen a kan tafiyar ruwa. Wurin samarwa a kira shi "maɓuɓɓugar hawaye". Ɓangaren fita gaba ɗaya ya zama "magudanar hawaye", a cikinta a sami "kafofin hawaye", da "'yan magudanai", da "matattarar hawaye", da "indararon hawaye" mai zubawa cikin hanci. Na ƙarshen yana da rauni: indararo sananne ne a gidajen soro na Kano da Zariya, amma inda rufin ciyawa da na kwano suka fi yawa sai an gwada shi tukuna. Akwai abin koyi a maƙwabta: ƙamus ɗin Fulatanci na sassan jiki da lafiya da Henry Tourneux da abokan aikinsa suka fitar a 2007, wanda aka gina a kan Fulatancin yankin Marwa kamar yadda jama'a ke magana da shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sunayen nan uku sun bi kalmomin asali sau da ƙafa, amma sun karkatar da mai sauraro. Aikin da ke gaban ɗalibi shi ne ya ɗauki jerin biyu ya karanta wa mutanen da ba su yi boko ba, ya tambaye su ta ina hawaye ke shigowa, ta ina kuma suke fita. Jerin da ya sa aka nuna saman ido sannan aka nuna hanci, shi ya cancanci shiga littafi.