Mahjub, lauyan da ya zaunar da Nasir da Faisal a gidansa

Wanda ya taɓa zama a zaure ana sasanta 'yan uwa a kan gado ya san cewa gano mai gaskiya ba shi ne abu mai wuya ba. Mai wuyar shi ne a sama wa wanda zai janye ƙofar da zai fita da rawaninsa a kansa. A wannan fanni ban san ɗan siyasar Sudan da ya kai Muhammad Ahmad Mahjub ba.

An haife shi a garin Duwaim a 1908, ya tashi a Omdurman. Injiniyanci ya fara karanta a Kwalejin Gordon da ke Khartum, ya gama a 1929, daga baya ya koma karatun shari'a ya kammala a 1938. Ya yi alƙalanci har 1946, sannan ya ajiye ya buɗe ofishin lauya, ya shiga siyasa a ɓangaren masu neman cikakken 'yanci. Ranar 1 ga Janairu 1956 shi da Isma'il al-Azhari suka ɗaga tutar Sudan, Azhari yana firayim minista, shi kuma yana jagoran adawa. Ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, ya zama firayim minista sau biyu a ƙarƙashin jam'iyyar Umma. Ga shi kuma mawaƙi ne, mai sanin nauyin kalma.

Gwanintarsa ta fito fili a Agustan 1967. Wata biyu ke nan da Isra'ila ta murƙushe sojojin Larabawa a yaƙin kwana shida. Ban da wannan rauni, akwai tsohon miki: tun 1962 Masar da Saudiyya ke gwabzawa a Yaman, Jamal Abdul Nasir ya tura dubun dubatar sojoji su kare 'yan jamhuriya, Sarki Faisal kuma yana ba 'yan sarauta, mutanen Imam, kuɗi da makamai. Sun taɓa sa hannu a kan yarjejeniya a Jidda a 1965, abin ya watse.

Mahjub bai jira ranar taron shugabannin Larabawa da za a yi a Khartum ba. Kamar yadda lauyan kirki ke ganawa da kowane ɓangare kafin a shiga gaban alƙali, sai da ya je Alƙahira da Saudiyya ya ji ta bakin kowa shi kaɗai. A nan aikin yake. Mutum ba ya faɗin iyakar abin da zai iya haƙura da shi a gaban abokin gabarsa, amma yakan faɗa wa wanda ya yarda da shi. Nasir yana son janye sojojinsa, ba ya son a ce an kore shi. Faisal yana son sojojin Masar su bar masa kan iyaka, ba ya son a ce ya sayar da waɗanda suka fake da shi. Kowa ya gaji, babu mai son fara faɗi.

Da aka buɗe taron shugabannin Larabawa a Khartum ranar 29 ga Agusta, sai ya raba maganar Yaman da zauren taro, ya kai ta gidansa. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai. A zaure shugaba yana magana ne don rediyo da jama'arsa. A gidan mutum kuwa baƙo ne, kuma baƙo yana jin nauyin mai masauki. Abin da aka cimma gajere ne: Masar ta kwashe sojojinta, Saudiyya ta daina ba 'yan sarauta taimakon soja, kwamitin ƙasashe uku ya sa ido. Dubi zubin kwamitin: Iraƙi mai kusanci da Masar, Maroko masarauta irin Saudiyya, Sudan a tsakiya. Tsarin masu sulhu ne tsantsa, kowa da nasa, sai na uku da duka suka aminta da shi.

Da wannan ƙulli ya warware, sauran suka zo da sauƙi. Saudiyya da Kuwait da Libiya suka amince su riƙa ba Masar da Jodan fam miliyan 135 a shekara. Duniya ta fi tuna taron da "a'a" ukun da aka yi wa Isra'ila, amma a ganina abin da aka ƙulla a gidan Mahjub ya fi tasiri a rayuwar talakan Masar da ɗansa ke tsaunukan Yaman.

Ba komai ya tafi daidai ba. Shugaban Yaman Abdullahi al-Sallal ya ƙi yarjejeniyar, an tarbi kwamitin da zanga-zanga a Sana'a, yaƙin Yaman ɗin ma ya ci gaba har 1970. Duk da haka sojojin Masar sun koma gida kafin ƙarshen 1967.

A gida kuwa, rikicinsa da Sadiƙ al-Mahadi ya raba Umma gida biyu, kuma ranar 25 ga Mayu 1969 Jafar Numairi ya kifar da gwamnatinsa. Ya yi zaman Landan, ya rubuta littafi a kan yadda dimokuraɗiyya ta kasance a ƙasarsa, ya rasu a Khartum a Yunin 1976. Ɗalibanmu masu karatun lauya a Kano da Zariya, ya kamata ku nemi tarihin mutumin nan ku karanta.