Marie-Catherine Kingbo: Rayuwar da Aka Rubuta da Bakin Baƙi

A shekarar 2021 Allah ya karɓi ran Marie-Catherine Kingbo, ƴar ƙasar Sanagal, mai zaman zuhudu a ɗariƙar Katolika, bayan ta shafe kimanin shekara 15 tana hidima a ƙauyukan jahar Maraɗi. An yi rubutu da dama a kanta, tun tana raye har bayan rasuwarta, sai dai akasarinsa da Faransanci da Ingilishi yake, kuma ƙungiyoyin agaji na Turai, irin su Aide à l'Église en Détresse, su ne suka fi yaɗa shi. Waɗannan rubuce-rubuce nake son mu ɗora bisa sikeli, domin yadda aka ba da labarin mutum yakan rage masa ko ya ƙara masa abin da ba nasa ba.

Ga abin da duka suka haɗu a kansa. Ta daɗe tana shugabantar ƙungiyar Filles du Saint-Cœur de Marie a Sanagal. Daga nan ta tafi Faris karatun tauhidi, inda ta ɗauki darasi a kan Musulunci, ta kuma ji a ranta cewa aikinta yana ƙasar Musulmi. A 2006, da amincewar Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso wanda ya zama bishop na farko a Maraɗi a 2001, ta kafa Fraternité des Servantes du Christ. Ta buɗe cibiyar ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako, da makaranta da ɗakin kwanan ƴan mata a Tibiri, aikin kuma ya kai ga ƙauyuka fiye da 100.

Abu na farko da marubutan suke wucewa da sauri shi ne asalinta. Ƙungiyar da ta rene ta an kafa ta ne a 1858 domin matan Afirka, wato shekara 41 kafin sojojin Faransa su shiga Damagaram. Ke nan ba Baturiya ba ce ta zo wayar da kan baƙar fata. Ƴar Afirka ce da ta tashi a ƙasar da Musulmi suka fi yawa, inda gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa ta iya zama da malamai ba tare da ɗari-ɗari ba.

Babban aibin rubuce-rubucen kuwa yana cikin ƙirarsu. An tsara su ne domin mai karatu a Turai ya sa hannu a aljihu, don haka sai an fara da duhu, sannan a kunna fitila ɗaya. Ƙauye ba shi da tarihi, uba azzalumi ne, uwa abar tausayi. Ba ina musun adadin da suke kawowa ba: binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jahar Maraɗi ce kan gaba. Yunwar 2005 ma ba tatsuniya ba ce. Mutanen Dakoro sun ga layin uwaye a ƙofar cibiyar likitocin MSF. Amma adadi ba ya faɗin dalili. Duk malamin da ya koyar a ƙauyukan Kornaka ya san inda gizo ke saƙa. Yarinya ta gama firamare da sakamako mai kyau, makarantar gaba tana gari mai nisa, ba dangi can, ba amintaccen mai masauki. Uban da ya zaɓi aure a wannan hali sau da yawa tsoron abin kunya ne ya kora shi, ba ƙin ilimi ba. Barbara Cooper, a littafinta Marriage in Maradi na 1997, ta nuna yadda aure ke ɗaure da dukiya da zumunci da matsayin mata a tsakaninsu. Ɗakin kwanan Tibiri amsa ce ga ainihin tsoron uban nan, kuma a ganina wannan ya nuna Kingbo ta fahimci mutanenmu fiye da masu yabonta.

Haka batun rancen mata. Ana rubuta shi kamar sabon abu ne da ya sauka daga jirgi, alhali adashi ya girmi kowace ƙungiya, kuma a wannan jaha ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, wanda daga baya ƙasashe da yawa suka ara. Gona ce da aka riga aka share ta samu, ta kuwa iya shuka.

Abin da ya fi cancantar dogon nazari, shi ne aka fi taƙaitawa: tarurrukan da ta riƙa kira na limamai da masu gari domin a tattauna auren wuri da lafiyar mata. A tuna wane gari ne wannan. A Maraɗi aka yi tarzomar 2000 a kan bikin nunin tufafi na FIMA. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. A 2019 an sake cinna wa wata wuta a Maraɗi. A irin wannan wuri, mace, baƙuwa, Kirista, ta tara masu rawani su zauna su saurare ta, ba ƙaramin al'amari ba ne. To, da wace hujja ta zo musu? Me suka karɓa, me suka ƙi? Marubutan sukan ce an yi taro, an yi nasara, su wuce. Limaman sun zama ado a cikin hoto, alhali su ne za su koma su fuskanci jama'a ranar Juma'a.

Akwai kuma tambayar da ake kauce mata. Kingbo ba ta ɓoye cewa bangaskiyarta ce ta kawo ta ba. Saboda haka uban da ya tsaya ya tambaya ko ƴarsa za ta dawo masa da addininta, tambayar hankali ya yi. Rubutun da ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ya zalunci uban, ya kuma rage wa matar daraja, domin wahalar aikinta duka tana cikin samun amincewar irin wannan uba.

Sai dai laifin ba na baƙi ba ne su kaɗai. Mu masu alƙalamin Hausa mun bar fagen, wataƙila don gudun a ce mun yabi wadda ba addininmu ɗaya ba. Hanyar da ta tashi daga Kornaka zuwa Maraɗi ta Tibiri take bi. Matan da suka kai ƴaƴansu Ɗan Bako suna nan, da yawa daga limaman da suka halarci tarurrukan ma suna nan, kuma da Hausa aka yi magana da su. Ƙungiyar malamai ko ta al'adu da ta ɗauki na'urar naɗar murya ta nufi can, sai ta fara da limamin da ya je taron farko bai koma na biyu ba.