Matuƙan Rigata, Masu Raya Tarihin Yauri a Kan Ruwa

A garuruwan Hausa da dama, ganuwa da dawakai ne ke ba da labarin yaƙi. Yauri tana da ganuwarta a Bin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarauta kafin a koma Yelwa a 1888, amma babbar garkuwarta ita ce Kogin Kwara. Gungawa, mazauna tsibiran kogin, su ne dakarun ruwa, kuma jikokinsu ne ke nuna wa duniya wannan jarumta a bikin Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi.

Ana danganta asalin bikin da farautar dorina, wadda ta kasance atisaye ga mayaƙa. Wanda ya iya tunkarar dorina da zago daga cikin kwalekwale, ai abokin gaba ba zai ba shi tsoro ba.

Gwanintar tana cikin haɗin kai. Matuƙa su jeru a jirgi, kowa da filafilinsa, su tsoma tare su ɗaga tare bisa amon ganga. Mutum guda ya yi saɓani, hancin jirgi ya karkace. Na can baya shi ke riƙe da ragama: idonsa na kan fuskar ruwa, yana gane inda dutse ya ɓuya, da inda igiyar ruwa ke juyawa, da inda yashi ya taru. Mai mashi kuwa a tsaye yake a gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki na bin rawar jirgi. Idan aka zo juyin kai farmaki, ɓangare ɗaya ya danne ruwa, ɗayan ya ja da ƙarfi, sai ka ga dogon jirgi ya waiwayo kamar dokin da aka ja wa linzami a hawan sallah. Ba a koyon wannan a allo. Tun yaro na bin mahaifinsa su yake tsintarsa.

A Amurka ma akwai irin wannan raya tarihi. A sansanin Fort Davis na jihar Texas, inda sojoji baƙar fata suka zauna daga 1867 zuwa 1885, akan sa kayan sojan da domin baƙi su ga tarihi da idonsu. Sai dai su gine-ginensu na nan tsaye. Gungawa kuwa, da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da yawa, aka sake wa dubban mutane matsuguni a gaɓa. Abin da ya tsira shi ne abin da hannu ya iya.

Kuma sanin ruwa ba na ranar biki kaɗai ba ne. Hatsarin jirgin da ya ci rayuka masu yawa kusa da Warra, a Ngaski, cikin Mayun 2021, ya nuna tsadar tafiya a kogin nan. Ya kamata a zaunar da tsofaffin matuƙa su koyar da matasan Yauri, Ngaski da Shanga duk shekara, a haɗa musu da rigunan kariya.