Pudin Kirsimeti: Girkin da Ake Farawa Tun Nuwamba

A Ingila akwai abincin da ake ci ranar 25 ga Disamba, amma tun ƙarshen Nuwamba ake ɗora tukunyarsa. Shi ne pudin Kirsimeti, wani dunƙule baƙi mai nauyi, mai ƙamshin kanumfari da kirfa, wanda ake kawowa bayan an gama da nama a liyafar ranar. Manyan kantuna suna sayar da shi a kwali, amma har yau akwai gidajen da ba su yarda da na kanti ba. Uwargida tana da takardar haɗin da ta gada daga kakarta, kuma duk wanda ya ga yadda ake aikin ba zai ga laifinta ba idan tana ji da kanta.

Kayan haɗin su ne zabibi iri-iri, ɓawon lemo da aka dafa cikin sukari, gogaggiyar tuffa, ƙwai, sukari mai duhu, ɗan fulawa da ɓurɓushin burodi. Sai kayan ƙamshi: kirfa, kanumfari, citta da gyaɗar ƙamshi. Tun dare ake jiƙa zabibin a giya, galibi birandi ko baƙar giyar sha'ir, ya kwana yana sha har ya kumbura. Masu guje wa giya suna jiƙa shi a shayi mai kauri ko ruwan lemo, sai dai nasu ba ya jure dogon ajiya kamar wancan. Wannan haɗi ya daɗe: a 1845 wata marubuciya mai suna Eliza Acton ta buga shi a littafinta na girki da sunan da aka san shi da shi yau.

Inda gwaninta ta fara bayyana shi ne wajen zaɓen maiƙo. Ba mai ake zubawa ba, ba kuma man shanu ba. Kitsen da ke lulluɓe da ƙodar saniya ake nema, mai tauri, a cire masa jijiya a daddatsa shi ƙanana. Dalili kuwa, wannan kitse ba ya saurin narkewa. Kafin ya narke, ƙwai da fulawa sun riga sun kama jikinsu, sai ya bar ƙananan ramuka a inda ya zauna, maiƙonsa ya ratsa ko'ina. Shi ya sa pudin mai kyau yake da nauyi a hannu amma da laushi a baki. Ɓurɓushin burodi ma aikinsa ke nan: idan fulawa ta yi yawa, sai abin ya fito dandaƙau ya gagari cokali.

Ranar kwaɓi tana da suna, Stir-up Sunday, wato Lahadin ƙarshe kafin makonni huɗu na shirin Kirsimeti a kalandar coci. A wannan rana kowa a gidan, har ƙaramin yaro, sai ya karɓi cokalin katako ya juya kwaɓin, yana ƙudurta wani buri a zuci. Wasu suna juyawa daga gabas zuwa yamma don tunawa da masanan da Linjila ta ce sun zo daga gabas. A da ana jefa sisi na azurfa a ciki, kuɗin nan da dattawanmu suka sani zamanin sule da taro, wanda ya tsince shi a yankansa a ce shekara ta yi masa kyau. Al'adar juyawar tana da amfani na zahiri: kwaɓin yana da kauri ƙwarai, kuma hannu da yawa ne ke tabbatar da cewa ba inda zabibi ya taru ya bar wani wuri.

Daga nan sai babban aikin. Ana shafa man shanu a kwanon tangaran, a danna kwaɓin ciki sosai don kada iska ta maƙale, a bar ɗan fili a sama. A rufe da takardar da maiƙo ba ya ratsawa, a ƙara da ta alminiyam, a yi musu ninki a tsakiya domin pudin ya sami wurin tashi. Sai a ɗaure bakin tam da zare, a bar hannu na ɗagawa. A kife ƙaramin faranti a gindin tukunya, a ɗora kwanon a kai, a zuba tafasasshen ruwa zuwa rabin kwanon. Wanda ya taɓa turara alala ya san dokar: ruwa kada ya shiga, kada kuma ya ƙafe. Bambancin shi ne nan awa shida zuwa takwas ake yi. Mai girki ba ta nisa da murhu, tana leƙawa tana ƙara ruwa, kuma tafasasshe kawai, domin na sanyi zai katse dahuwar. Wannan doguwar turarawa ce ke juya kwaɓi mai launin ƙasa ya koma baƙi, ɗanɗanonsa ya yi zurfi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, in ji Hausawa. A nan har ya sha romon.

Kafin kwano ya yaɗu, a ƙyalle ake dafawa. Ana tsoma shi a ruwan zafi, a barbaɗe shi da fulawa, a ƙulle kwaɓin ciki, fulawar ta zama fata mai hana ruwa shiga. Irin wannan ne Misis Cratchit ta dafa a labarin Kirsimeti na Charles Dickens na 1843, tana fargabar ko bai dahu ba ko zai fashe wajen juyewa.

In pudin ya huce, a sake masa sabuwar takarda, a ajiye shi a wuri mai sanyi da duhu. Yawan sukari da giya da ƙarancin ruwa ke hana shi lalacewa, kuma makonnin nan ne ke sa kayan ƙamshi su saje. Kayan nan kuwa yawancinsu ba a noma su a Ingila. A 1927 hukumar tallata kayan daular Birtaniya ta yaɗa haɗin gidan Sarki George na Biyar, da kanumfari daga Zanzibar da zabibi daga Ostireliya.

Ranar biki a sake turara shi kamar awa biyu, a kife shi a faranti, a ɗumama birandi a ludayi a kunna masa wuta a kwarara a kai, a kawo shi yana ci da harshen wuta shuɗi. Amma baƙi ne wutar ke burgewa. Mai girki wuƙa take kallo: yanka ya fita sumul, bai marmashe ba, bai yi danƙo ba. Ba ta da damar ɗanɗanawa ko gyarawa tun ranar da ta ɗaure zaren, don haka dole awo da ɗauri da wuta su yi daidai tun karon farko. Waɗanda suka amince da hannunsu biyu suke yi, su ci ɗaya, su ajiye ɗayan sai Kirsimetin baɗi.