Kujerar Bayan Aji

Duk wanda zai riƙe alli a firamaren gwamnati a Furfuri, ko a wani gari na ƙaramar hukumar Bunguɗu, akwai takardun da doka ta ce sai ya mallaka. Ta farko ita ce NCE, wadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ajiye a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa bayan an yi ban kwana da tsohuwar takardar Gired Tu. Shekara uku ake yi kafin a same ta, kuma 'yan wannan yanki ba sai sun yi nisa ba: ga Kwalejin Ilimi ta jiha a Maru, ga ta tarayya a Gusau wadda mata zalla take ɗauka. Ta biyu rajista ce da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993 don ta tantance wanda ya cancanci a kira shi malami. Tun daga 2017 sai mutum ya zauna gaban kwamfuta ya ci jarrabawar hukumar kafin a sa sunansa a rajista, a ba shi lasisin da ake sabuntawa duk shekara uku. Rukuni huɗu ta kasa malamai: D na masu NCE, C na masu digirin farko, B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir. Wanda ya karanci lissafi ko kimiyya zalla a jami'a, sai ya ƙaro difloma ta koyarwa, irin wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna take bayarwa.

Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An daɗe ana mai da aji mafakar wanda ya rasa aikin yi, gara a sa ƙofa a sa mai gadi. Sai dai kwamfutar da ta ba saurayi maki ba ta taɓa ganinsa tsaye gaban 'yan aji biyu ba, aji ya cika maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, ga yarinya ta zo da ƙaninta yana kuka. 'Yan watannin koyarwar gwaji da ya yi yana kwaleji sun nuna masa bakin ruwa ne kawai. Wanda zai koya masa iyo yana nan cikin makarantar, galibi hedimasta ko wata dattijuwar malama da ta koyar da iyayen yaran da ke ajin. Aikin wannan mutum nake so a duba, domin gwaninta ce mai ƙa'idoji, ko da yake ba a ba kowa takardar shaidarta.

Daga littafin shirin darasi ake farawa. Sabon malami yakan kawo shi safiyar Litinin a tsare tsaf kamar yadda aka koya masa: darasi, aji, manufa, kayan aiki, gabatarwa, matakai, auna fahimta. Hedimastan da ya gaji sa hannu kawai zai yi ya miƙa masa. Gwani kuwa layi ɗaya yake nema, layin manufa. In ya ga an rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su fahimci ɗebewa, sai ya ja layi da jan biro ya ce, "Malam, ta yaya za ka san sun fahimta? Zuciyarsu za ka buɗe?" Nan zai sa shi ya sake: a ƙarshen darasi yaro zai iya ɗebe 17 daga 32 da kansa. Gyaran kamar ƙarami ne, amma da shi sauran shirin ke miƙewa, domin wanda ya san abin da yake so yaro ya yi da hannunsa ba zai ɓata rabin lokacin yana jawabi ba.

Sai ranar shiga aji. Gwani ba ya faɗo wa sabon malamin kwatsam kamar sufeto mai neman laifi. Tun jiya ya gaya masa zai zo, ya kuma faɗi abu ɗaya da zai duba. Yakan ja kujera can baya, kusa da taga, ya zauna bai ce uffan ba. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ba malamin yake kallo ba, yaran yake kallo. Su wa ke ɗaga hannu? Sau nawa aka tambayi layin baya? 'Yan mata sun yi magana, ko an bar su sun dunƙule a lungu? Daga inda yake zaune, rubutun allon yana karantuwa, ko hasken ƙofa ya cinye shi? In malami ya yi tambaya, yana ba yaro lokacin tunani, ko kafin yaron ya haɗiye yawu ya amsa wa kansa? Da kuma babbar cutar sababbin malamai, wato "Kun gane?" wadda aji ke amsawa da "Eee!" har rufin kwano ya ɗauka. Tsohon hannu ya san wannan amsa ba ta nufin komai. Yaro ya ce ya gane ne don ya ga ana so ya ce haka.

Ko da sabon malamin ya yi kuskure a allo, gwani ba ya tashi ya karɓe allin. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar riƙewa, kuma da ita ake gane wanda ya iya. Malamin da aka gyara wa kuskure gaban ɗalibansa ya rasa ajin nan har ƙarshen zango, domin yara ba sa mantuwa, kuma kafin la'asar labarin ya kai kowane zaure a gari. Sai an tashi tara, a gindin bishiya ko a ofis, su biyu kawai. Ko a nan ma ba da lissafin laifi yake buɗe baki ba. "To, Malam, kai ya ka ga darasin naka?" Sau da yawa saurayin da kansa zai faɗi inda ya ji abin ya kuɓuce masa, kuma gyaran da mutum ya furta da bakinsa ya fi zama. Dattijon zai yaba abu ɗaya na gaskiya, ba yabon fatar baki ba: yadda ya kira yara da sunayensu, ko tsabtar rubutunsa. Sannan ya ba shi gyara ɗaya tak, ko da ya rubuta goma a takardarsa. Sauran taran suna jiran makonnin gaba.

Wani lokaci magana ba ta isa, sai an nuna. A ɗauki wancan lissafi na 32 a ɗebe 17. Sabon malami yakan rubuta a allo, ya ce biyu ba za ta ɗebe bakwai ba, sai mu aro ɗaya, ya soke uku ya mai da ita biyu. Yara su kwafe, ba wanda ya san daga ina ɗayan nan ta fito, balle dalilin da ta zama goma. Tsohuwar malama za ta ce masa, "Ɗana, gobe ka zauna a kujerata, ni zan ɗauki ajin." Ta aiki yara su kawo tsinken kara, a ɗaure su goma-goma da zare. Ta ajiye ɗauri uku da tsinke biyu a tebur, ta kira yarinya daga layin baya ta ce ta ba ta bakwai. Yarinyar ta duba, biyu ne kawai a warwatse. Malama ba ta gaya mata abin yi ba, jira take. Can sai wani yaro ya ce a kwance ɗauri ɗaya. Aka kwance, tsinke ya zama goma sha biyu, ɗauri ya koma biyu. Aka cire bakwai, saura biyar. Aka cire ɗauri ɗaya, saura ɗaya. Goma sha biyar ke nan, kowa ya gani da idonsa. Sai a lokacin ta nufi allo, kuma duk alamar da ta rubuta yara sun riga sun taɓa ta da hannu. Ba a kashe ko sisi ba, kara kuwa ba ya yanke wa Furfuri bayan kaka.

Haka abin yake a karatu. Sabo yakan sa yara rera baƙaƙe daga farko zuwa ƙarshe har su haddace kamar waƙa, amma in ka nuna harafi ɗaya a tsakiya sai a yi tsit. Gwani zai nuna masa ya ɗauki baƙi ɗaya da sautinsa, ya haɗa shi da wasali, ya gina gaɓa, daga gaɓa zuwa kalmar da yaro ya sani a gidansu. Zai kuma ja masa kunne kan ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin malamin da ke sakaci da su a allo zai yaye ɗaliban da ba sa bambanta su har girma. Shirin RANA da aka gudanar a Zamfara da Katsina, na koyar da karatu da lissafi cikin Hausa a azuzuwan farko, a kan irin wannan hanya ya ginu, kuma ya dogara ne da masu bin malamai aji suna gyara musu.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya cikin kowane littafi, wato zama da gari. Wanda aka turo daga Gusau ko Tsafe baƙo ne, sai an kai shi ya gai da mai gari da liman, an haɗa shi da kwamitin makaranta na SBMC. Sai an gaya masa cewa ranar kasuwa aji kan rage, da damina ma haka, kuma bulala ba ta dawo da yaron da ubansa ya tafi da shi gona; zuwa ƙofar gida da sallama ya fi ta aiki. A shekarun nan an ƙara da wani darasi mai ɗaci: tun bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 da rufe makarantun jihar da aka yi daga baya a shekarar, dole sabon malami ya san wace hanya ake bi, da wane lokaci, da abin da zai yi da yara in an ji ƙishin-ƙishin.

Wannan sana'a ta girmi TRCN nesa ba kusa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta tura jajinta, wato malamar da ke bin mata tana koyar da su, ƙauyuka sai ta zaunar da ita ta karantar da ita, sannan ta ɗora mata malfa, alamar an yarda ta koyar. Malaman zaure har gobe ba sa ba almajiri izini sai sun ji shi yana biya wa na ƙasa da shi. A boko ma, Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, a nan Maru ya yi aikin horar da malamai kafin ya ajiye ya shiga siyasa a 1950. Alhaji Shehu Shagari ya yi aikin malamin zagaye a Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Zamfara ke cikinsa a lokacin, kuma aikin malamin zagaye shi ne bin makarantu yana duba yadda ake koyarwa. Shirin horar da malamai na TDP da Birtaniya ta tallafa daga 2013, wanda ya fara da Jigawa da Katsina da Zamfara, tsohuwar hanyar nan ya farfaɗo da ita, da jami'an tallafa wa makarantu da tarukan malamai na shiyya.

Tsanin ƙarin girma kuwa a bayyane yake. Mai NCE yakan fara a mataki na 7, mai digiri a na 8. Bayan shekara biyu na gwaji a tabbatar masa da aiki, daga nan a ƙa'ida duk shekara uku ya cancanci hawa, in an cike masa fom na auna ƙwazo ya kuma tsallake tantancewa. Mai NCE yana da inda zai tsaya sai ya ƙaro digiri, shi ya sa hutun malamai da yawa ke ƙarewa a ajin jami'a. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Duk wannan tsani shekaru yake ƙirgawa da takardu. Dattijuwar da ta kwance ɗaurin kara ta gyara malamai biyar ko goma, da wadda ba ta taɓa leƙa ajin kowa ba, mataki ɗaya za su taka rana ɗaya.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Zamfara a 2023. Gini da kujeru ana ganinsu daga titi, don haka ba a mantawa da su. Kirana ga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, da sakataren ilimi na Bunguɗu shi ne, duk sabon malamin da za a tura Furfuri ko wani gari, a rubuta sunan wanda zai riƙe shi a jikin takardar turawar, a rage wa mai riƙon darussa biyu ko uku a mako don ya sami zama a bayan aji, kuma a sa wannan aiki a fayil ɗinsa ranar da za a zauna batun ƙarin girma.