Waƙar da Ban Saka Ba

Ranar da labarin mutuwar Lapiro de Mbanga ya iso Garwa, a watan Maris na 2014, ina bakin aiki a gidan rediyo. Na karanta sanarwar, amma ban saka "Constitution constipée" ba. Babu wanda ya hana ni. Hannuna ne ya ƙi.

Ita ce waƙar da ya yi a 2008, lokacin da ake shirin gyara kundin tsarin mulki don cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. An kama shi a Afrilun shekarar, ya shekara uku a ɗaure. Sai dai a kotu ba waƙa aka tuhuma ba, cewa aka yi ya zuga matasa suka yi ɓarna a tarzomar Fabrairu.

Dabarar tsohuwa ce. A 1976 gwamnatin gurguzu ta Cekoslovakiya ta kama 'yan ƙungiyar kiɗan rok ta Plastic People of the Universe, bisa zargin ta da hankalin jama'a. Su ba ma waƙar siyasa suke yi ba. An ƙwace musu lasisin wasa, suka koma kiɗa a bukukuwan aure na ƙauye. Laifinsu ke nan: sun daina neman izini. Shari'arsu ce ta tunzura su Václav Havel suka fitar da takardar koke ta 1977.

A kunnena, waƙar 2008 ba ta kai "Mimba We" ba. A "Mimba We" Lapiro yana magana da bakin 'yan tireda da 'yan tasha, cikin gauraye-gaurayen Turancin buroka da Faransanci, ga dariya ga zafi. Ta 2008 kuwa jawabi ce aka ɗora wa kiɗa. Saƙon ya danne gangar. Amma ita ta kai shi kurkuku, domin ta faɗi abin ƙarara.

Mu a Arewa habaici muka iya. Mawaƙinmu, na Hausa ko na Fulatanci, zai zagi kura, kowa ya gane, ya kuma kwana a gidansa. Na daɗe ina kiran wannan hikima. Tun daga ranar nan nake shakka, domin habaicin da hukuma ta gane ta kuma ƙyale, wa ya ciza?

Faifan yana nan cikin kwamfutata. Ran nan wani mai sauraro daga Pitowa ya bugo waya ya nemi a saka masa. Na ce masa lokaci ya ƙure.